A Yanka Ko a Sa Ido? Yadda Taron Likitoci Ke Warware Matsalar Ƙullutun Fankiriyas

Galibi ba shi aka je nema ba. Mu ƙaddara wata Hajiya ce mai shekara 67, ta daɗe tana kukan ciwon kwiɓi, likita ya yi zargin tsakuwar ƙoda ya tura ta hoto. Ƙoda dai lafiya lau. Amma a ƙasan takardar mai hoton ya ƙara layi guda: an ga ƙullutu mai ruwa a cikin fankiriyas, faɗinsa santimita huɗu. Hajiya ba ta taɓa jin sunan wannan abu ba, balle ta san tana da shi. Babban ɗanta ya ɗauko waya ya laluba, abin da ya fara cin karo da shi sankarar fankiriyas, wadda ko a Amurka kusan mutum 13 cikin ɗari ne kacal ke kai shekara biyar bayan an gano ta. Likitan farko da suka nuna wa takardar ya ce tiyata, kuma a gaggauta. Kafin mako ya zagayo an fara maganar sayar da fili da neman bizar Indiya.

Tsoron nan yana da tushe, sai dai yawanci yakan wuce gona da iri. Mafi yawan irin wannan ƙullutu mutum zai rayu da shi har tsufa, ajalinsa ya zo ta wata hanyar daban. Kaɗan daga ciki kuwa iri ne na sankara, kuma ganinsa da wuri yana cikin 'yan damarmakin da likitoci ke samu na tare wannan cuta tun ba ta tsiro ba. Wahalar tana wajen bambancewa. A yanka wanda bai kamata ba, an jefa mai lafiya cikin babbar tiyata a banza. A ƙyale wanda ya kamata a cire, bayan shekara biyu ko uku a dawo a tarar bakin alƙalami ya bushe. Da yake kuskuren yana gaba yana baya, manyan asibitocin duniya sun daina barin wannan hukunci a hannun likita guda, kome ƙwarewarsa.

Ina yake, me yake yi?

Mutane da dama suna rikita fankiriyas da saifa. Abu biyu ne daban, maƙwabtaka ce ta haɗa su. Fankiriyas tsoka ce mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, kwance a gicciye a bayan tumbi, jingine da ƙashin baya. Likitoci sun kasa shi gida uku: kai, gangar jiki da wutsiya. Kan yana ɓangaren dama, farkon ƙaramin hanji ya naɗe shi kamar rawani. Wutsiyar ta miƙa hagu har ta taɓo saifa.

Aikinsa biyu. Shi ke samar da insulin mai daidaita sukarin jini. Shi ne kuma ke tatso ruwan da ke narkar da nama da maiƙo da tsaba, fiye da lita guda kowace rana. Ruwan yana bin ƙananan rassa ya zuba cikin babbar magudana, kamar yadda ƙoramu ke zuba a kogi, ita kuma ta kai shi hanji. Wani Bajamushe mai suna Wirsung ne ya fara bayyana wannan magudana a birnin Padua na Italiya a 1642, har yau kuma da sunansa ake kiranta. A mai lafiya faɗinta bai cika wuce milimita uku ba. Ku riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa. Bututun da ke sauko da ruwan matsarmama daga hanta shi ma ta cikin kan fankiriyas yake ratsawa, don haka duk abin da ya kumbura a nan yana iya toshe shi, ciwon shawara ya bayyana.

Likitoci suna shakkar wannan wuri saboda a ɓoye yake, hannu ba ya kai masa, hoton da ake yi da goga na'ura a kan ciki kuma sau da yawa iskar hanji ke kare shi. Ga shi ruwansa don narkar da nama aka yi shi, shi kansa kuwa nama ne. Idan aka yanka aka ɗinke, ɗinkin ya yi yoyo, ruwan sai ya shiga cin abin da ya tarar.

Suna ɗaya, hali daban-daban

Kalmar da mai hoto ke rubutawa ɗaya ce, amma abin da ke ƙarƙashinta ya kasu. Akwai wanda ba ƙari ba ne sam, ruwa ne ya taru bayan fankiriyas ya yi kumburi saboda tsakuwar matsarmama, ko shan giya, ko bugu a ciki irin na haɗarin keke ko babur. Likitoci na kiransa ƙullutun ƙarya. Ba ya zama sankara. Wani yakan baje da kansa, wani sai an zuƙe shi.

Ƙari na gaskiya kuwa, ɗaliban likitanci suna haddace uku daga ciki da kaka, uwa da 'ya, gwargwadon shekarun matan da aka fi samunsu a jikinsu. Na kaka ya fi kama mata masu shekara sittin zuwa sama. Cikinsa 'yan ramuka ne jere kamar saƙar zuma, cike da ruwa garau, wani lokaci da tabo a tsakiya mai kama da tauraro. Da ƙyar a ji ya zama sankara, kuma ba a taɓa shi sai in ya yi girman da yake danne maƙwabtansa. Na uwa kusan duk mata yake kamawa, 'yan arba'in zuwa hamsin. Yana zama a gangar jiki ko wutsiya, dunƙule guda mai kaurin bango kamar lemo, cikinsa ruwa mai yauƙi. Shi yana iya rikiɗa, don haka idan ya girma ko ya nuna wata alama ana cire shi. Masana biyu, Compagno da Oertel, su suka raba waɗannan biyun a fili a 1978, kafin nan ana yawan cakuɗa su. Na 'ya ba shi da yawa, ya fi kama 'yan mata da mata masu ƙuruciya, rabi tsoka rabi ruwa. Virginia Frantz ce ta bayyana shi a 1959. Cire shi ake yi, mafi yawa kuma suna warkewa sarai.

Sai na huɗu, wanda aka fi cin karo da shi kuma ya fi wahalar da likitoci, ana taƙaita sunansa da IPMN. Shi a cikin magudanar kanta yake tsirowa, yana zubo majina mai kauri har ta buɗa hanyar. Ohashi da abokan aikinsa a Japan suka fara ba da rahotonsa a 1982, daga marasa lafiya huɗu. Ya fi kama dattawa, maza da mata. Idan a ƙananan rassa yake, a hoto yakan yi kama da curin inabi, kuma galibi ba ya motsi shekara da shekaru. Idan kuwa babbar magudana ya kama, labari ya sha bamban: cikin waɗanda aka cire, kusan shida cikin goma an tarar sun riga sun zama sankara ko suna bakin zama.

Da can ana ɗaukar duk waɗannan abin al'ajabi, sai da na'urori suka ƙara kaifin gani aka gane ruwan dare ne. A 2008 likitocin asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka sun bi hotunan CT kusan 2,800 da aka ɗauka don wasu dalilai daban, suka tarar da ƙullutu a kashi 2.6 cikin ɗari. Na'urar MRI ta fi haka gani. Wani bincike daga yankin Pomerania na Jamus, wanda aka wallafa a 2018, ya duba fiye da mutum dubu, ya ga ƙullutu a kusan rabinsu, mafi yawa 'yan mitsi-mitsi. Abin kamar furfura yake, yana ƙaruwa da shekaru. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ƙiyasta a 2015 cewa cikin masu irin wannan ƙullutu da aka gani bisa katari, kusan mutum ɗaya cikin 400 ne nasa ke zama sankara a shekara. Aikin kenan: neman wannan ɗayan ba tare da an cutar da sauran ba.

Nauyin wuƙa

Mai tambaya zai ce, tun da ana shakka, me zai hana a cire kowa ya huta? Amsar tana cikin irin tiyatar. Idan ƙullutun yana kai, galibi ba a iya ƙwaƙule shi shi kaɗai. Aikin da ake yi shi ne wanda ake kira Whipple, da sunan Allen Whipple, likitan New York da ya wallafa bayaninsa a 1935, kodayake Walther Kausch ya riga shi yin irinsa a Berlin a 1909. Ana cire kan fankiriyas, da farkon ƙaramin hanji, da matsarmama, da wani sashe na bututunta, wani lokaci har da ƙasan tumbi. Sannan a jawo hanji a yi masa ɗinki uku, ɗaya da ragowar fankiriyas, ɗaya da bututun hanta, ɗaya da tumbi. Aiki ne na awa biyar, shida, ko fiye.

A shekarun 1960 da 1970 kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba ya fita asibiti da rai bayan wannan tiyata, har wasu likitoci suka nemi a daina ta. Yau a cibiyoyin da suka goge mutuwar ta sauko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, amma har yanzu kusan ɗaya cikin uku yana gamuwa da wata matsala: yoyon ɗinki, ko zubar jini, ko tumbi ya ƙi tura abinci na makonni. Kuma inda aka yi aikin yana da tasiri ƙwarai. Binciken da Birkmeyer da abokansa suka wallafa a 2002 kan tsofaffin Amurka ya nuna mutuwa bayan tiyatar fankiriyas ta kai kashi 16 cikin ɗari a asibitocin da ba safai suke yinta ba, alhali a waɗanda suka fi yawan yinta ba ta kai kashi 4 ba. Bambancin bai tsaya ga hannun mai wuƙa ba. Ya haɗa da nas ɗin da ta lura da sauyin ruwan da ke fitowa daga robar ciki da tsakar dare, da likitan hoton da zai iya tsayar da jini ta cikin jijiya ba tare da an sake buɗe ciki ba.

Idan a wutsiya ƙullutun yake, aikin ya fi sauƙi, amma sau da yawa saifa kan tafi tare da shi. Kowace aka yi, wasu sukan fito da ciwon sukari, wasu kuma sai sun riƙa haɗiyar ƙwayar narkar da abinci duk lokacin da za su ci, har ƙarshen rayuwa. Yi wa Hajiya wannan aiki a kan ƙullutun da ba zai taɓa cutar da ita ba shi ne garin gyaran gira a rasa ido.

Zaman shawara

Yawanci sau ɗaya ake zama a mako, a ɗakin da aka rage wa haske don hoto ya fito sosai a bango. Akwai likitan hoto, da likitan ciki da hanji, da likitan tiyata, da mai duba tsoka a madubin ƙara girma, da likitan sankara, da nas mai riƙe da jerin sunaye. In da buƙata a kira likitan sa barci, ko na ciwon sukari, ko masanin abinci, ko mai nazarin cututtukan gado. Ƙaramin likita ya karanto tarihin marar lafiya cikin minti biyu, sai likitan hoto ya karɓa.

Ga fayil ɗin Hajiya, an riga an sa ta yi MRI. Likitan hoto ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ya tsaya. "Ku dubi nan. Ramuka ne ƙanana kamar saƙar zuma, ga tabo a tsakiya. Bai haɗu da magudana ba, ita kuma milimita biyu ce." Likitan ciki ya tambaya ko ta taɓa kumburin fankiriyas, ko tana ramewa, ko idonta ya yi rawaya. Babu ko ɗaya. Likitan tiyata ya rufe takardarsa ya ce shi ba shi da aiki a nan. Na kaka ne. Minti biyar aka gama.

Fayil na biyu na wani dattijo ne mai shekara 62, wanda aka gaya wa tuntuni cewa ɗan ƙullutu ne santimita ɗaya da rabi, ba komai. Likitan hoto ya jera hoton bana kusa da na shekara biyu da suka wuce. Ƙullutun yana nan yadda yake, amma magudanar da take milimita huɗu ta koma 11. Likitan ciki ya ɗaga kai daga takarda ya ce wata shida da suka wuce aka fara ba mutumin nan maganin sukari, kuma ya ce wandonsa ya fara yi masa yawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayanai yana rubuce tuntuni, sai dai a ɗakuna daban-daban, a hannun likitoci daban-daban, kuma kowanne shi kaɗai bai isa tayar da hankali ba. Da aka haɗa su a tebur guda sai suka zama magana. Likitan sa barci ya duba awon zuciya da na huhu ya ce zai iya ɗauka. Aka sa ranar tiyata.

Na uku hoto bai raba gardama ba, don haka aka miƙa shi ga likitan ciki. Bayan marar lafiya ya kwana bai ci ba, a sa shi barci, a zura masa bututu mai kamara ta baki har tumbi. A bakin bututun akwai 'yar na'urar hoto, ga fankiriyas kuwa bango ɗaya ne tsakaninsa da tumbi, don haka ana ganinsa kamar a tafin hannu. Ta nan ake cusa siririyar allura a zuƙo ruwan. Wani lokaci tun kafin a kai ɗakin awo likita yakan ɗiga shi tsakanin yatsu biyu ya ware su a hankali: idan ya ja zare kamar miyar kuɓewa, mai majina ne, wato daga dangin da ke iya rikiɗa. A ɗakin awo ana auna wani sinadari mai suna CEA, wanda wani bincike na 2004 ya sa masa iyakar 192, ana auna sukarin ruwan, domin na mai majina ƙasa yake yi, a wasu cibiyoyin har a nemi sauyin ƙwayoyin halitta irin su KRAS da GNAS. Mai duba tsoka kuma kullum yakan ja kunne cewa ruwan ba ya ɗauko ƙwayoyi da yawa, don haka rashin ganin sankara a cikinsa bai wanke ƙullutun ba.

Na huɗu tsoho ne ɗan shekara 84 mai ciwon zuciya, da ɗan ƙullutu a reshe. Tambayar da aka yi ita ce, ko da ya sauya, za a iya yi masa tiyata? Aka ce a'a. To, babu dalilin ci gaba da wahalar da shi da hoto.

Kowane likita akwai inda idonsa ya fi kaifi, akwai kuma inda sana'arsa ke karkatar da shi. Mai wuƙa ya ga waɗanda aka makara a kansu, shi ya sa yake son a yi da wuri. Likitan ciki ya ga ɗaruruwan da ƙullutunsu bai motsa ba shekara goma, shi ya sa yake son a jira. A zaman nan kowa yana faɗin dalilinsa a gaban wanda zai iya ƙaryata shi. Abin da aka cimma kuma shawara ce, mai jiki ke da ta cewa. Wani zai ce gara a cire da ya kwana da fargaba kowace shekara, wata za ta ce a bar ta tukuna har ta aurar da autarta, kuma inda haɗarin bai kai intaha ba ana sauraren wannan.

Me ya tabbatar yana da amfani?

A Birtaniya, rahoton Calman da Hine na 1995 shi ya share fagen mayar da irin wannan zama ƙa'ida ga masu sankara. A Johns Hopkins an ƙara taki ɗaya, aka buɗe sashe na musamman don masu ƙullutun fankiriyas. Rahoton da Anne Marie Lennon da abokan aikinta suka wallafa a 2014 kan marasa lafiya fiye da 200 ya nuna cewa kusan kashi 30 cikin ɗari an sauya musu shawarar da suka zo da ita daga waje. An janye wa wasu tiyata, amma waɗanda aka ce nasu ya fi yadda aka zata haɗari su suka fi yawa. Likitocin da suka turo su ba jahilai ba ne. Wanda yake ganin abu sau biyu a shekara ba zai yi daidai da taron da ke ganinsa kowane mako ba.

Akwai ƙa'idojin da ake bi. Ƙungiyar masana fankiriyas ta duniya ta fitar da na Sendai a 2006, na Fukuoka a 2012, ta gyara shi a 2017, sannan na Kyoto a 2024. Manyan alamun haɗari su ne ciwon shawara daga ƙullutun da ke kan fankiriyas, da tsiron tsoka a bangon ƙullutun da ya kai milimita biyar, da babbar magudana da ta kai milimita 10. Masu sa a ƙara bincike sun haɗa da girman santimita uku, da kaurin bango, da magudana mai milimita biyar zuwa tara, da saurin girma, da hauhawar sinadarin CA 19-9 a jini, da kumburin fankiriyas, da sabon ciwon sukari.

Sai dai su kansu ƙa'idojin ba bakinsu ɗaya ba. Na likitocin ciki na Amurka na 2015 ya ce idan ƙullutu ya shekara biyar bai sauya ba a daina bibiya. Na Turai na 2018 ya ce a ci gaba muddin mutum zai iya ɗaukar tiyata. Inda manya suka saɓa haka, dole a samu masu zama su auna wanne ya dace da wannan mutum da ke gabansu.

Sa ido ma aiki ne

Idan aka ce wa marar lafiya ba za a yi tiyata ba, sau da yawa abin da kunnensa ke ji shi ne an sallame shi. Ga na kaka da ƙullutun ƙarya, kusan haka ne. Ga IPMN kuwa ba haka ba ne. Ana sa masa lokacin dawowa, wata shida ko shekara ɗaya ko fiye, gwargwadon girmansa, kuma an fi son MRI saboda ba ta amfani da hasken da illarsa ke taruwa a jiki irin na CT. Kowane zuwa ana duba fankiriyas ɗin gaba ɗaya, domin mai IPMN yana iya samun sankara a wani gefen daban da inda ƙullutun yake. Saboda wannan dalili ne ko bayan an cire shi ake ci gaba da duba ragowar.

A nan ne nas mai riƙe da jerin sunaye take zama ginshiƙi. Mutum ba ya jin ciwo, hoto da tsada, shekara ta zagayo ya manta ko ya ga asarar kuɗi ce. Ita ce mai bugo waya. Da yawa daga waɗanda ake rasawa ba a tebur aka yi kuskure a kansu ba, a tsakanin zuwa da zuwa suka sulale.

A nan gida

Manyan asibitocin koyarwa irin na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Jos suna da likitocin tiyata da na hoto da masu duba tsoka a ƙarƙashin rufi ɗaya. Na'urar hoto ta cikin tumbi ba ta yawaita a ƙasashenmu ba, MRI ma ba kowa ke iya biya ba. Amma zaman kansa ɗaki yake buƙata da awa guda, kuma ta intanet ana iya nuna hoto ga ƙwararren da ke wani gari ko wata ƙasa. Inda kuɗi suka yi ƙaranci ma ya fi wajaba, don shi ke hana iyali kashe abin hannunsu a kan awon da ba zai sauya komai ba.

Akwai abubuwan da likitan waje ba lallai ya tuna ba, namu kuwa dole su sa a ma'auni. Wanda aka cire wa saifa zazzaɓin cizon sauro yana yi masa mummunan kamu, ga shi muna tsakiyar yankin sanƙarau, don haka yana buƙatar allurar rigakafin sanƙarau da ta ciwon huhu, an fi so mako biyu kafin tiyata, da gidan sauro, da zuwa asibiti a ranar da zazzaɓi ya fara. Wanda zai koma kan insulin a tambaye shi inda zai ajiye ta in babu wuta, da yadda zai yi da azumi. Wanda ya fita waje aka yi masa aiki kuma kada ya dawo da takardar sallama kaɗai. Ya karɓo faifan hotunansa da sakamakon awon tsokar da aka cire, domin da su za a ci gaba da bibiyarsa. Tsohon hoto dukiya ne: da babu shi, da ba a gane magudanar dattijon nan tana buɗewa ba.

A rubuce, Hausa ta haɗa ciwon da abin da ya kamata a nema a kalma ɗaya: shawara. Mai ƙullutun fankiriyas da idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya koma kamar shayi, bayan gidansa ya yi fari, jikinsa ya ɗauki ƙaiƙayi, ba lokacin jiƙo da tsimi ba ne, toshewa ce, kuma babu saiwar da ke buɗe ta. Haka in rama ta zo babu dalili, ko ciwon ciki mai ratsawa zuwa baya, ko sukari ya tashi kwatsam bayan shekara hamsin. Kada a jira ranar da aka rubuta.

Da Hajiya ta koma, likita ya zaunar da ita da ɗanta.

"Hajiya, mu shida muka zauna a kan hotonki. Irin naki ba ya zama daji. Ba za a taɓa ki ba."

"To likita, wancan da ya ce a yanka fa?"

"Hoton farko ya gani, shi kaɗai. Da ni ne a wurinsa, wataƙila abin da zan faɗa kenan."

Fili yana nan ba a sayar ba. Dattijon da aka ce wa ba komai kuma yana ɗakin jinya da ɗinki a ciki, an cire abin kafin ya yi nisa. Duk wanda aka miƙa wa irin takardar nan, ko tasa ko ta mahaifiyarsa, kafin ya sa hannu a takardar tiyata ko ya naɗe ta ya jefa a akwati, ya tambayi wane iri ne, ya tambayi ranar dawowa. Sannan cikin ladabi ya ƙara da wadda ba ta cin ko kobo: "Ranka ya daɗe, ku nawa kuka duba hoton nan?"